Shekarar da Na Daina Aika Faci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, na kuma san kuna yin ta ne idan kun ga na fita masallaci. Wai yayarku ta kunyata ni a gaban Turawa, ni kuma na yi fushi na rabu da kwamfuta, na dawo gida na zauna har gemuna ya yi fari. Labarin yana da daɗi, na yarda, da ɗalibi ne ya rubuto mini shi a jarrabawa da na ba shi maki mai kyau a kan tsari. A kan gaskiya kuwa da ya faɗi warwas. Tun da ni ne mai gemun, bari in faɗa muku yadda aka yi kafin ku gadar wa 'ya'yanku kuskuren.

A shekarar da nake magana an rufe makarantu, kuma ba wanda ya ce mana ga ranar buɗewa. Ajin da na shekara da shekaru ina koyar da Turanci a cikinsa ya zama ɗakin kwanan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka. Na leƙa sau ɗaya, na tarar an ɗaura igiyar shanya daga allo zuwa taga, ban sake komawa ba. Malanta ta zama abin ɓoyewa, domin masu bindiga malaman makaranta suke farauta. Muka daina sa biro a aljihun gaba, idan kuma baƙo ya tambaye ni sana'ata a cikin keke mai ƙafa uku sai in ari ta mahaifina, wanda ya zo daga Kano da turamen atamfa ya kafa rumfa a Kasuwar Kwastam. Na sayar da atamfa da baki a shekarar nan fiye da yadda shi ya sayar da hannu duk rayuwarsa. Gidanmu na Limanti ya cika da dangin mahaifiyarku, kowane lungu da tabarma, kowace tabarma da labarin da ba a son a ƙarasa. Ni kuwa mai gida ba ni da aikin yi sai murɗa rediyo daga wannan tasha zuwa waccan, ina neman wadda za ta faɗi abin da ban riga na ji ƙararsa da kunnena ba. Mahaifiyarku, Ya Amsa, ita ce ta fara gajiya da ni.

"Malam, rediyon nan da mutum ne da tuni ya kai ƙararka wajen Bulama mai unguwa. Ka tashi ka bi 'yarka shagon Modu, ko rakiya ce ka yi mata."

"Me zan yi a shagon kwamfuta?"

"Abin da kake yi a nan. Amma can ba a gabana ba ne."

'Yar da take nufi ita ce yayarku, wadda kuke kira Yakura, wato babbar yaya. Ni ma haka zan kira ta a nan, domin 'yar fari ce, bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba, alƙalamina kuma ba zai fara yau ba. Ta gama karatun kwamfuta a jami'a, ta fito ta tarar da garin da ba mai ɗaukar ma'aikaci, hanyar barin garin kuma ba ta biyuwa sai da addu'a. Modu tsohon ɗalibina ne, wanda na taɓa sa ya maimaita aji, yana da shagon intanet a Wulari da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mai ya yi wuya, don haka daga azahar yake tayar da shi, kafin dokar hana fita ta kori kowa gida ya kashe. A ɗan tsakanin nan su kaɗan suke zama suna wani aiki da ban gane ba sai da Yakura ta yi mini bayani a hanya. Wata manhaja ce ta makarantu, tana riƙe darussa da makin yara a kwamfuta ko babu intanet. Ba ta da mai ita. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta kyauta, rubutunta a buɗe yake, kowa yana iya karantawa. Wanda ya ga ɓaraka sai ya rubuta gyara ya aika, gyaran nan shi ake kira faci, kamar dai na taya. Akwai wasu 'yan kaɗan masu mabuɗi, su ne suke karanta facin, su karɓa ko su mayar maka da shi tare da bayanin inda ka kauce. Kuma duk a bainar jama'a ake yi. Sunanka da kuskurenka da abin da aka ce maka suna nan a shafinsu na intanet, mai so ya karanta, ba a gogewa. Na ce mata wannan ai asambili ne da ba a tashi.

Babban mai mabuɗin wani mutum ne a wata ƙasa mai sanyi, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, Modu ya laƙaba masa Hedimasta. Facina na farko ƙarami ne, wasu kalmomin shafin farko ne na mayar Hausa. Amma na ga bai dace a shiga gidan mutum ba sallama ba, sai na buɗe da gaisuwa. Na tambayi lafiyarsa, da iyalinsa, da aiki, da sanyi, na gabatar da kaina, na nemi afuwa idan na katse masa wani uzuri, duk a cikin Turancin da na san ba zai samu irinsa ba ko a garinsu. Washegari amsa ta zo, ko layi biyu ba ta cika ba. Ya ce bayanin ya yi tsawo, layin farko ya faɗi abin da aka canza kawai, in sake aikowa. Modu ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya koma kujerarsa yana dariya har janareta ya taya shi.

"Sa, ko sannu ko wushe bai ce maka ba!"

"Mutumin ba shi da tarbiyya."

"Yana da ita, Sa. Irin taka ce. Haka kake rubuta mana a gefen takarda, yau ka ji yadda muke ji."

Raina ya ɓaci na yini guda, daga nan sai na lura da wani abu. Mutumin nan bai san shekaruna ba, bai san ni malami ba ne, bai san garin da nake yana ci da wuta ba. Layi kawai yake gani. A shekarar da kowa yake kallona da tausayi ko da zargi, na samu wanda yake kallona da rashin damuwa, abin ya yi mini daɗi kamar ruwan randa. Na sake aikawa, aka karɓa. Daga nan na zama ɗalibi a shagon ɗalibina. Muka koyi ladabin wurin da kaɗan-kaɗan, kowa da irin marin da ya sha. An koya mana faci ɗaya magana ɗaya, domin Modu yakan ƙulle gyara iri-iri a ƙunshi guda kamar kayan ɗan gudun hijira, a ce ya kwance ya aiko su ɗai-ɗai. An koya mana gwadawa kafin aikawa. An koya mana cewa idan aka mayar maka da faci ba a jiran ka ba da haƙuri, gyara ake jira. Yakura ta fara nuna mini rubutun manhajar kansa, na tarar yare ne mai tsauri amma ba ya munafunci, na wuce fassara na fara taɓa ƙananan gyare-gyare. Al'adata ita ce in gama rubutu, in ji kiran la'asar, in ce mata ta aika mini, in tafi masallaci. Sai faci ya riƙa wucewa ba a mayar mini ba. Na koma sa kaya masu guga. Na koma duba agogo da safe. Ya Amsa ta ce ashe duk karatun nan nawa a faci zai ƙare, amma ta faɗa ne tana miƙo mini hula.

Yakura kuwa ta yi mana nisa tun da wuri. Abin da muke kwana biyu muna lalube ita kallo ɗaya take yi masa. Wata rana Hedimasta ya rubuta a shafi cewa ya ba ta mabuɗi na gwaji, ta riƙa duba facin wasu tana karɓa ko ta mayar. Ina so ku fahimci girman abin, domin ku kun taso ƙofofi a buɗe. A lokacin ba ta da wata ƙofa sai wannan. Takardar jami'arta tana cikin akwati, ba mai tambayarta. Shafin nan shi ne kaɗai wurin da mutumin da bai san ta ba zai iya ganin abin da ta iya, kuma daga cikin masu mabuɗi ake kiran mutane aiki. Ran nan mahaifiyarku ta yi burabusko, dangin da ke tsakar gida suka ci suna sa albarka, ko da yake rabinsu sun ɗauka mabuɗin wani shago aka ba ta.

To, a nan ne girman kan malami ya motsa. Manhajar tana tara maki amma ba ta jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, wai su can suna ganin jerawa tana karya zuciyar yaro. Mu kuwa a nan uba ba ya tambayar maki, tambayarsa ɗaya ce, na nawa ka zo. Na yi wannan bayani a shafi, a gajarce kamar yadda aka horar da ni, Hedimasta ya ce in rubuto, makarantar da take so ta kunna. Na ɗauki kwanaki ina rubutawa, na hana kowa leƙa mini, kuma a wannan karon ban jira la'asar ba, da hannuna na aika. Hedimasta ya tura wa Yakura ta duba, tun da ita ta san makarantun ɓangarenmu. Bai san 'yata ba ce, domin saboda tsoron lokacin da sunan kakana nake sa hannu. Tana kwamfutar da ke kusa da tawa, ina satar kallonta kamar yaron da ake duba takardarsa a gabansa. Ta daɗe tana karantawa. A wani wuri ta tsaya, ta ɗora hannu a baki, ta koma sama ta sake saukowa. Daga nan ta rubuta cewa ya yi, ta karɓa. Na gyara zaman hulata. Muna cikin keke a hanyar gida wani abu ya tashi ta wajen kasuwa, direban ya juya da mu ta lunguna, kafin magariba an rufe gari gaba ɗaya, ba shiga ba fita, layin waya ma ya ɗauke. Muka yi kwanaki a gida muna cin abin da ya rage.

Ranar da Modu ya sake buɗe shago muka tarar shafin ya cika da ƙorafi. Kafin mu dawo an fitar da sabon zubin manhajar da facina a ciki, ga makarantu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna cewa shafin sakamako ya ƙi buɗewa. Dalilin ƙarami ne. Facina yana raba jimlar makin yaro da yawan jarrabawar da ya rubuta, idan aka samu yaro ɗaya a aji da bai rubuta ko ɗaya ba sai na'ura ta tsaya cak, ta hana kowa ganin nasa. Ni da na fi duk masu shafin nan sanin cewa yaro yana iya ɓacewa daga aji ba sallama, ni ne na manta da shi. Hedimasta ya riga ya cire facin. Ni bai ce mini komai ba sai in gyara in sake aikowa, domin a wurinsu kuskuren mai aikawa abin yau da kullum ne. Mai tsaron ƙofa ake tuhuma. Ya tambaye ta a gaban kowa ko ta karanta facin, ta amsa ta karanta. Ya tambaye ta ko ta gwada shi da yaron da ba shi da maki. Ta zauna tana kallon tambayar har Modu ya kashe janareta. Washegari Hedimasta ya rubuta cewa ya karɓe mabuɗin har sai ya fahimci yadda abu irin wannan ya wuce ta.

Ni a tunanina gajiya ce ta sa ba ta gani ba, har na shirya mata ɗan darasi a kan natsuwa. Na fara gwada darasin a kan mahaifiyarku, tana zaune tana tsinke yakuwa. Ba ta bari na kai rabi ba.

"Ta gani, Malam."

"Ta ga me?"

"Ramin da ke cikin facinka. Tun ranar ta faɗa mini. Ta ce washegari za ta riga ka zuwa ta toshe shi ba ka sani ba, kamar yadda ta saba. Sai aka rufe gari."

"Kamar yadda ta saba?"

"To, da kana tsammani hannunka ne ya yi albarka haka kawai? Kana tafiya la'asar take zama ta share maka kafin ta aika. Rabin wutar Modu a kanka take ƙarar da ita."

"Me ya hana ta gaya mini?"

Ya Amsa ta ɗago ta dube ni irin duban da take yi wa mai tallan da ya faɗi kuɗin banza.

"Kai ko sunanta ba ka iya faɗa, ita ce za ta iya cewa ka yi kuskure a gaban duniya? Kai ka haife ta, mu muka rene ta. Abin da muka shuka ne ya fito."

Bayan la'asar na aika a kira mini Yakura. Ta zo ta durƙusa daga gefen tabarma, idonta a ƙasa. Na ce mata gobe zan sake aika facin, ina so ta duba shi ta rubuta mini kamar yadda take rubuta wa Modu, ko da ba ta da mabuɗi, domin Hedimasta ya ga ta iya. Ta ce to. Washegari na aika da ragowar kurakuran da ban san suna ciki ba, ita kuma ta zauna ta rubuta layi ta goge, ta rubuta ta goge. Na matso da kujerata.

"Ke, me ya tsayar da ke?"

"Baba, bari mu je gida in nuna maka. Wurare biyu ne kawai."

"A nan nake so. A shafi."

"A shafi ba a gogewa, Baba. Wata rana 'ya'yana za su karanta inda na ce wa mahaifina bai iya ba."

"Ba cewa za ki yi ban iya ba. Layi ne bai yi ba."

"Su haka suke gani. Ni idan na duba layin, kai nake gani."

Na ce mata to zan rubuta wa Hedimasta gaskiya, ba ta hana ni ba, na ɗauki hakan a matsayin yarda. Na rubuta masa shi kaɗai. Na ce yarinyar 'yata ce ta fari, ta ga kuskuren tun karatun farko, amma a wurinmu ɗa ba ya gyara wa uba a gaban mutane, yakan jira a watse ya gyara a ɓoye, ita ma haka ta yi niyya aka rufe gari. Amsarsa ta zo a yadda ya saba. Ya gode da bayani, ya ce daga yau wani ne zai riƙa duba nawa, ita kuma zai ci gaba da tura mata na wasu ta yi sharhi, idan ya gamsu ya mayar mata da mabuɗi. A wurinsa magana ta ƙare. Mutanen nan suna da wani imani mai ban sha'awa cewa duk matsalar ɗan Adam ana warware ta da sauya wanda zai sa hannu.

Wanda aka haɗa ni da shi wani matashi ne, daga irin rubutunsa na tabbata bai kai Modu shekaru ba. Ya riƙa mayar mini da facin nan ba ji ba gani, yau ya ce sunan da na ba wani abu bai fito da ma'ana ba, gobe ya ce ban gwada aji marar yara ba. Wallahi ban ji haushi ba. Karon farko ke nan da nake ganin ainihin aikina ba wanda ya share shi, kuma ina gyaruwa. Amma duk sanda na juya sai in ga shafina ne a buɗe a gaban Yakura, na mutanen da aka tura mata suna jira. Idan yaron ya rubuta mini kalma mai kaifi sai ta kasa cin abinci. Ta fara shiga tana ba shi amsa a madadina, tana bayyana masa abin da nake nufi, da ladabin da ya fi zagi ciwo. Hedimasta ya tambaye ta a shafi me ya sa sharhinta yake jinkiri. Na yi mata faɗa, ta ce to, washegari ta koma. Wata rana Modu ya biyo ni har bakin titi bayan ya kashe janareta, yana sosa ƙeya.

"Sa, ka taɓa sa ni na maimaita aji, ban riƙe ka ba."

"Ka cancanta."

"Na cancanta, Sa. To ni ma zan faɗi tawa, kada ka riƙe ni. Wutar nan ba ta isar mutum biyu idan ɗaya yana gadin ɗaya. In dai kana shafin nan, yarinyar nan ba za ta duba nata ba. Mutumin kuwa ba zai jira ta har abada ba."

Na auna hanyoyin da nake da su, ba su da yawa. In koma wani shago, shafin ɗaya ne ko daga ina aka buɗe shi. In sauya suna, za ta gane ni tun daga layin farko, domin Turancina yana da gemu. In zauna in cire mata kunyar da aka ɗauki duk ƙuruciyarta ana sa mata, a shekarar da muke kwana ba mu san ko za mu tashi ba, wannan ya fi ƙarfina, kuma gaskiya ban tabbata ina so ba. Ina son a same ta mai iya cewa kowa ya sake, ina kuma son ta ci gaba da durƙusawa a gefen tabarmata, na rasa yadda zan samu biyun ina zaune a kujerar kusa da ita. Na tsaya har matashin nan mai duba nawa ya karɓi facin jera yara, domin ban saba barin aiki a rabi ba. Ranar da aka karɓa na miƙe na ce wa 'yan shago idanuna sun gaji da hasken na'ura, likita ma ya hana ni. Ba likitan da na gani. Modu ya duƙar da kai yana gyaran wata waya da ba ta lalace ba. Yakura ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba, sannan ta sauke kai.

Ba zan ce muku abin bai yi mini tsada ba. Makarantu sun daɗe ba a buɗe ba, na dawo ga rediyo da tabarma da labaran da ba a ƙarasawa. Da azahar idan Yakura ta ɗauki jakarta ta fita, sai gidan ya yi mini faɗi duk da cikarsa. Nakan kama kaina ina tsara wani gyara a kai, in kai shi har ƙarshe, in rasa inda zan aika shi. Kayan guga suka koma akwati. Hannuna ya manta abin da ya koya, da aka buɗe makarantu kuma na koma aji a matsayin tsohon da yake jiran ritaya. Ya Amsa, wadda ba ta taɓa ƙyale ni na zauna lafiya ba, ba ta sake cewa in tashi ba ko sau ɗaya, wannan ya nuna mini ta san komai. Ku kuma kuna ƙanana, kun ga uba ya daina fita bayan wata rigima a kwamfuta, kuka haɗa biyu da biyu kuka samu biyar. Na ƙyale ku a lokacin, domin gaskiyar za ta ɗora wa yayarku nauyin da ba nata ba. Yanzu ta yi ƙarfin ɗauka, ni kuma na gaji da jin ana tsokanarta da laifin da ta kusa rasa komai don kada ta aikata shi.

An mayar mata da mabuɗi kafin damina ta wuce. Daga nan muka samu wata sabuwar al'ada. Idan ta dawo kafin dokar hana fita, ta gaishe ni, sai in tambaye ta na mutum nawa ta mayar yau, ta faɗa mini abin da suka yi da abin da ta ce musu, ni kuma in yi kamar ina gane duka. Wata rana ta dawo ta daɗe a durƙushe ba ta fara ba.

"Baba, yau wani dattijo ne ya aiko. Na duba, farfesa ne a wata jami'a. Ina jin ya girme ka."

"Facin nasa ya yi?"

"Bai yi ba."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya sake."

"Kin gaishe shi?"

"Ban gaishe shi ba, Baba."

Na ce madalla. Na ce ta tashi ta je ta ci abinci, tuwo yana hucewa.